Jirgi marar matuƙi na kai jini asibiti: ceto ne ko ɗoki?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su warware mana wata magana. Tun watan Oktoba na 2016 ƙasar Ruwanda ke aika jini asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline na Amurka. Cibiyarsu ta farko a Muhanga take, daga baya aka ƙara ta Kayonza. Ghana ta bi sahu a 2019, sannan Najeriya da Kenya. Ma'aikacin asibiti zai tura saƙo ta waya, a cibiya a ɗauko ledar jini daga firji a sa a kwali, a harba jirgin. Gudunsa ya kai kilomita 100 a awa. In ya iso saman asibitin sai ya saki kwalin da 'yar lema, ya juya gida ko sauka bai yi ba. Yanzu kuma ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa hango inda za a buƙaci jini tun kafin a nema. Ni dai a ganina an gama da mutuwar mata wurin haihuwa saboda rashin jini, saura gwamnatoci su sa hannu kawai. Ko akwai abin da ban gani ba?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Akwai kuwa, ɗana, ba ma ɗaya ba.

Ni ungozoma ce, bari in faɗa maka yadda zubar jini bayan haihuwa take. Idan mace ta zubar da rabin lita ko fiye a cikin awa 24 da haihuwa, mun shiga haɗari. Mafi yawan lokaci mahaifa ce ta saki, ta ƙi tsukewa. Wani lokaci guntun mabiyiya ne ya maƙale, wani lokaci ƙari ne ta samu. Mace lafiyayya za ta iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tare ta ba. A waɗannan awa biyun abin da ke hannunka shi ne naka: ka murza mahaifa, ka yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, ka ba da tiranekzamik, maganin rage zubar jini, ka sa ruwa, ka duba inda jinin ke fitowa. Jinin da za a ƙara mata yana mayar da abin da ya zube ne, ba ya rufe ƙofar da yake fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kusan miliyan 14 ke samun wannan matsala duk shekara, kusan 70,000 su rasu. Da yawansu ba a asibiti ma suke ba lokacin da abin ya fara. To jirgin zai saki kwalin a hannun wa?

Abu Safwan:
Haka ne Anti. Amma waɗanda suka isa asibitin fa? Ai su ma da yawa suna rasuwa ana jiran jini.

Maman Ilham:
Su kam zai amfane su, ban musa ba. Ba abin da ya kai tsayuwa a kan mace kana kallon leɓenta na yin fari, an tura mota nemo jini, ba ka san yaushe za ta dawo ba. Cewa “an gama da matsalar” ne kawai ban yarda da shi ba.

Ɗan Lab:
Anti ta taɓo gefen ɗakin haihuwa, ni bari in shigo ta gefen ma'ajiyar jini, don a nan ne nake ganin amfanin jirgin ya fi yawa, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Kowa sauri yake kallo.

Jini ba abu ɗaya ba ne. Ledar da mutum ya bayar, wajen mililita 450, ana iya raba ta. Jajayen ƙwayoyi ana ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 6, suna kai kwana 35 zuwa 42, ya danganta da ruwan da aka haɗa su da shi. Filasma, wato ruwan jinin, daskarar da ita ake yi, tana shekara ko fiye. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare kuwa su ne masu wuyar sha'ani: ba a sa su a firji, digiri 20 zuwa 24 suke so, ana jijjiga su ba tsayawa, kuma kwana biyar zuwa bakwai sun tashi aiki. Ga kuma rukuni takwas na jini da aka fi sani.

Yanzu ka ɗauki ƙaramin asibiti mai nisa. In ya ce zai ajiye kowane rukuni da kowane nau'i, rabinsu za su lalace a firji kafin mai buƙata ya zo. In ya ajiye kaɗan, ranar da mai B nagetif ta zo sai a buga tagumi. Duk wanda ya zaɓa ya yi asara. Abin da jirgin ya canza shi ne an daina warwatsa jinin. A tara shi wuri guda mai wuta da firji na kirki, duk asibitin da ke cikin kilomita 80 ya zama kamar ma'ajiyar tana bayan katangarsa.

An auna wannan a Ruwanda. Mujallar Lancet Global Health ta buga binciken a 2022, an duba oda 12,733 daga asibitoci 20 tsakanin 2017 da 2019. Matsakaicin lokacin isar jini ya kasance kusan minti 50, kuma jinin da ke lalacewa a ajiye ya ragu da kashi 67 cikin 100 bayan shekara guda. Wannan adadi na biyun ya fi burge ni. Jinin da bai lalace ba, jini ne da ba sai an sake roƙon wani ya bayar ba.

Ummi:
Yaya Ɗan Lab, tambayar ɗaliba. An koya mana sai an gwada jinin mai bayarwa da na mara lafiya an ga sun dace. To jinin yana can nesa, mara lafiya yana nan, ina ake gwajin? Kuma jijjigar jirgi da faɗowar kwali ba sa fasa ƙwayoyin?

Ɗan Lab:
Tambaya mai kyau, ƙanwata. Asibitin ne ke gwada rukunin mara lafiya tun farko, shi ya sa ya san abin da zai nema. In ledar ta iso, a nan ake haɗa ta da jininsa a tabbatar ba sa faɗa. Kin ga kenan lab ɗin asibitin bai huta ba, dole akwai mai aikin da kayan aikin. In abu ya yi tsanani ba lokacin gwaji, ana ba da O nagetif, amma masu wannan rukunin kaɗan ne a ko'ina, ba a wasa da shi.

Maganar fashewar ƙwayoyi kuwa an gwada. Dakta Timothy Amukele da abokan aikinsa a jami'ar Johns Hopkins sun ɗaga samfurin jini da ledojin jini a jirgi tun wajen 2015 da 2016, suka auna, ba su ga illa ba matuƙar an kiyaye sanyin. Zafi ne abin tsoro, ba jijjiga ba.

Wani abin da ake mantawa: filasma in ta iso a daskare sai an narkar da ita a ɗumin digiri 37, wannan ma ya kusa rabin awa. Duk wanda ke lissafin mintocin jirgi ya haɗa da wannan.

Injiniya Bash:
Ni gefen “ƙirƙirarriyar basira” nake so in ja birki. Tashin jirgin nan da dawowarsa yawanci ba ita ba ce. Hanya ce da aka riga aka zana aka kai wa hukumar kula da sararin samaniya ta amince, jirgin yana bin ta da GPS da na'urorin auna iska da tsayi. Jiragen fasinja sun shekara da shekaru suna da irin wannan tuƙin kai. Kuma akwai mutane a cibiya suna kallon kowane jirgi a allo.

Inda basirar ta shigo da gaske wuri uku ne. Kauce wa karo: Zipline ta sanar a 2022 cewa ta sa wa jiragenta makirufo da ke sauraron ƙarar wani jirgin daga nesa, manhaja ta gane ta wace kusurwa yake tahowa, ta kauce. Sai hasashen yanayi a ƙasa-ƙasa inda jirgin ke bi, don iskar da ke gaban hadari ta fi ruwan kansa haɗari. Sai kuma hasashen buƙata, wanda Abu Safwan ya ambata. Na ukun nan shi aka fi tallatawa, kuma shi na fi shakka.

Abu Safwan:
Me ya sa Injiniya? Ni na ɗauka shi ne mafi sauƙi. Lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tashi an san yara za su yi ƙarancin jini, lokacin tafiye-tafiye an san haɗarin mota zai ƙaru. Kwamfuta ai za ta fi mutum iya haɗa waɗannan.

Injiniya Bash:
Za ta iya, in an ba ta gaskiya. Manhajar daga tsofaffin bayanai take koyo, wato odar da asibitoci suka yi a baya. Amma odar da aka rubuta ba ita ce buƙatar da aka yi ba. Asibitin da ya san ko ya nema ba zai samu ba, ya daina nema, yana tura marasa lafiyarsa gaba ne kawai. A takarda sai ka ga kamar ba ya buƙatar jini. Manhaja ta karanta haka, ta ce a rage masa kaso. Wanda aka saba hanawa sai a ci gaba da hana shi, wannan karon har da hujjar lissafi.

Sannan hasashe a kan jimla yake aiki. Zai iya ce maka yankin nan zai sha leda kaza a mako mai zuwa. Ba zai ce maka wance ce za ta zubar da jini daren Laraba ba.

Maman Ilham:
Allah ya yi maka albarka Injiniya. Maganar tura mara lafiya gaba ba tare da an rubuta an nemi jini ba, wallahi haka ake yi. Wa ke da lokacin cike fom ɗin abin da ya san babu?

Baba Mai Ritaya:
Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta. Kun yi ta maganar yadda abin ke aiki, ba wanda ya ce wa zai biya.

Lokacin da Ghana za ta sa hannu a kwangilarta a ƙarshen 2018, ta kusan dala miliyan 12 da rabi a shekara huɗu, ƙungiyar likitocin ƙasar da kanta ta nemi a dakata. Hujjarsu ita ce asibitoci na kukan rashin ma'aikata da kayan aiki, a fara da wannan. Likitoci ne fa, ba 'yan adawa ba. Ni ina tare da su har gobe. Hanya in ka gina ta, jini zai bi, motar ɗaukar mara lafiya za ta bi, ita kanta mai naƙudar za ta bi. Jirgin nan kilo biyu ma bai cika ɗauka ba, leda biyu ko uku. Ba ya ɗaukar mace zuwa ɗakin tiyata, ba ya kawo likita. Kuma kamfanin na wata ƙasa ne. Ranar da gwamnati ta gaza biya, ko kamfanin ya ga ba riba, ka riga ka rushe 'yan ma'ajiyoyin da kake da su a asibitoci, me za ka koma wa?

Injiniya Bash:
Baba, da girmanku, kwatancen hanya da jirgi bai yi adalci ba. Wannan kuɗin da kuka ambata kilomita nawa na kwalta zai shimfiɗa a ƙasa mai duwatsu? Kaɗan ne ƙwarai, kuma asibiti ɗaya ko biyu zai haɗa. Cibiya ɗaya kuwa tana kai wa asibitoci da dama a rana guda. Hanyar kuma shekara nawa za a yi ana jiranta? Matan da za su haihu bana ba za su jira ba.

Amma maganarku ta biyu, ta dogaro da kamfani guda, ban da amsarta. Gaskiya ce.

Baba Mai Ritaya:
To ai ta biyun ce ta fi damuna. Na yi aikin gwamnati, na ga yadda ake ƙaddamar da abu da tafi, bayan an canza shugabanni a nemi kuɗin kula da shi a rasa.

Sadiq:
Ni tsorona kar wata rana abin ya faɗo wa mutum a ka 😅

Injiniya Bash:
Ba abin dariya ba ne Sadiq, ya kusa faruwa. A Suwizalan hukumar gidan waya ta ƙasar ta taɓa yin jigilar samfurin gwaji tsakanin asibitoci da jiragen kamfanin Matternet. A 2019 ɗaya ya faɗa tafkin Zurich, bayan 'yan watanni wani ya faɗo a daji kusa da inda yara ke wasa, igiyar lemarsa ce ta tsinke. Ba wanda ya ji rauni, amma sai da aka dakatar da tashi aka yi gyara. Shi ya sa hukumomin jiragen sama ke jan ƙafa wajen ba da izinin tashi inda mai kula ba ya hango jirgin da ido, musamman a saman birni. Ruwanda ta yi saurin ba da izini, wannan na cikin dalilan da abin ya fara kankama a can kafin ƙasashen da suka ƙera jiragen.

Likitan Dare:
Yanzu na fito daga aiki na tarar an yi nisa. Abu biyu zan ƙara.

Na farko, a bambanta jigilar samfuri da jigilar jinin ƙari. A Landan a 2024 an fara ɗaga samfurin jini tsakanin asibitocin Guy's da St Thomas', tafiyar da kan ci fiye da rabin awa a mota saboda cunkoso ta koma ƙasa da minti biyu. Can matsalarsu cunkoso ce, ba nisa ba, kuma sakamakon gwaji suke so da wuri. Labarai kan haɗa su duka su ce “jirgi na kai jini”, alhali aiki biyu ne daban.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ban ga an faɗe shi ba. Jinin daga ina? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana tara gudummawar jini kusan miliyan 118 da rabi a duniya a shekara, kashi 40 cikin 100 daga ƙasashe masu arziki, waɗanda mutanensu kashi 16 ne kacal na al'ummar duniya. A ƙasashe masu arziki mutum 31 da ɗoriya cikin 1,000 ke bayarwa, a ƙasashe matalauta mutum 5. Jirgi guga ne. In rijiyar ta ƙafe, saurin zura guga ba ya kawo ruwa. Ruwanda ta ci moriyarsa ne don ta riga ta gina hukumar jini ta ƙasa mai tara jinin 'yan sa kai, ana tace shi daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, ana raba shi kashi-kashi. Inda tsarin shi ne mara lafiya ya kawo ɗan'uwansa ya bayar kafin a ƙara masa, me za a tara a cibiyar da jirgin zai ɗauka?

Ɗan Lab:
Likita, sai dai in ce ragin asarar nan na kashi 67 shi ma ƙarin ruwa ne a rijiyar.

Likitan Dare:
Ƙari ne, amma mai iyaka. Abin da ka riga ka tara kake cetowa. In ƙasa na tara rabin abin da take buƙata, ko leda ɗaya ba ta lalace ba rabin nan dai shi ke gare ta.

Kuma in koma kan maganar Anti Maman Ilham, akwai abubuwa masu arha da aka tabbatar. Gwajin WOMAN da aka buga a 2017, mata 20,000, ya nuna tiranekzamik in an ba da shi cikin awa uku yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwajin E-MOTIVE na 2023 a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya: leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, da zarar ya kai iyaka a haɗa mata duka magungunan lokaci guda. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa da horo. Ba ta tashi sama, shi ya sa ba a kiran 'yan jarida ranar raba ta.

Abu Safwan:
Likita, kamar dai kuna cewa a bar jirgin?

Likitan Dare:
A'a. In an ce in zaɓa tsakanin asibiti mai nisa da jirgi ke kai masa da wanda ba ya kai masa, ba sai na yi tunani ba. Kuma ba masu haihuwa kaɗai ba ne. A ƙasashe matalauta fiye da rabin ƙarin jini yara 'yan ƙasa da shekara biyar ake yi wa. Ga masu sikila, ga waɗanda suka yi haɗari. Jirgin ma yana iya ɗauko maganin dafin maciji da oksitosin, wanda zafi ke kashe ƙarfinsa in an ajiye shi inda ba firji. Abin da nake ƙi shi ne minista ya yanke ƙyalle a cibiyar jirage, kasafin hukumar jini kuma ko motar zuwa tara gudummawa bai isa saya ba.

Ummi:
Wata tambayar kuma. Tunda jirgin ba ya sauka, in an yi odar jini ya iso, sai aka tarar an riga an wuce da mara lafiyar wani asibitin, ko Allah ya yi mata rasuwa, ya ake yi da ledar?

Ɗan Lab:
Ba mai mayar da ita ta sama, irin wannan jirgin kaiwa kawai yake yi. In akwai firjin jini mai aiki, a sa ta nan take a rubuta, ta jira mai irin rukunin. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce ledar da ta wuce minti 30 a waje da sanyi ba ta komawa ajiya, wadda aka fara ƙarawa kuma a gama ta cikin awa huɗu. Firjin gida ba ya wannan aikin, sanyinsa hawa da sauka yake yi, ba shi da ƙararrawa. Saboda haka masu cewa jirgi ya raba ƙananan asibitoci da buƙatar firji da wuta, rage ta ya yi, bai kawar da ita ba.

Maman Ilham:
Kuma ka ƙara da wanda zai fita tsakar dare ya ɗauko kwalin. In ni kaɗai ce a ɗakin haihuwa, hannuna ɗaya a kan mahaifa ɗaya a kan ledar ruwa, saƙo na shigowa waya cewa jirgi ya kusa, wa zan aika?

Baba Mai Ritaya:
Injiniya, ga tambayar Hajiya nan, kai muke jira. Kuma har yanzu ba ka faɗa mini abin da aka rubuta a kwangilolin nan game da ranar da kamfani ya tattara kayansa ba.